DUNIYAR KIMIYYA: Wa Ke Gaya Wa Hanta Ta Ƙara Girma?

A wannan mako za mu leƙa ɗakin binciken masana ne, inda ɓera, wanda a gidajenmu ba ya samun kome sai tarko, ya zama abin tattali.

Cikin 1931 waɗansu masana biyu na asibitin Mayo a ƙasar Amurka, Higgins da Anderson, suka yanke kashi biyu cikin uku na hantar ɓera, suka ɗinke cikinsa. Cikin kwana goma sai ga hantar ta koma kusan nauyinta na da. Kada mai karatu ya zaci abin da aka yanke ne ya sake tsirowa kamar wutsiyar ƙadangare. A'a, ragowar ce ta yi ta ƙaruwa har ta cike gurbi, sa'an nan ta tsaya cak. To, wa ya ba ta labarin an yi ɓarna?

Amsar ta fara fitowa cikin 1967 a birnin Boston, sa'ad da Moolten da Bucher suka haɗa jijiyoyin ɓeraye biyu, jinin wannan yana zagawa cikin wancan. Da aka yanke hantar ɗaya, sai hantar ɗan'uwansa, wadda wuƙa ba ta taɓa ba, ita ma ta shiga shirin girma. Watau dai saƙon cikin jini yake tafiya. Irin waɗannan sinadarai 'yan aike su ne masana ke kira homon.

Ɗaya daga cikinsu shi ne insulin, wanda masu ciwon sukari suka san sunansa. Likita Thomas Starzl ya nuna a jikin karnuka, cikin shekarun 1970, cewa hantar da aka hana wa insulin tsumburewa take yi. Cikin 1984 kuma Nakamura na ƙasar Japan ya gano wani sinadarin a jinin ɓerayen da aka yanke wa hanta, mai sa ƙwayoyinta su hayayyafa.

Ba don ɓera ake wannan wahala ba. Cikin 1989 a Brisbane ta Ostireliya aka ɗebi yankin hantar wata uwa aka dasa wa ɗanta, dukansu biyu suka tashi.

Ƙoda kuwa labarinta daban ne, kuma a ganina nan ya kamata mu fi kasa kunne, tun da yake ana dashenta a Legas da Kano. In an cire ɗaya, ta biyun tana ƙara girma, amma ba ta ƙirƙiro sababbin matatai. Waɗanda aka haifi mutum da su ne ke faɗaɗa, su ɗauki ƙarin kaya. Aikinta kan kai wajen kashi 70 cikin 100 na aikin biyun. Wannan ya ishi mai lafiya wanda likita ya auna shi sosai kafin ya ba ɗan'uwansa. Amma saurayin da dillali ya ruɗe shi da kuɗi, ya ce masa wai wata za ta tsiro, ƙarya aka shirga masa.