Kakin soja: Launi ɗaya, aiki daban-daban, me ke ɗaga ƙwarin gwiwar dakaru?

Tun ƙarshen shekarar 2025, da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke iyakar Kano da Katsina, hirar tsaro ta dawo majalisun cikin birni, daga Mandawari har Yakasai. Ana maganar yawan dakarun da aka tura, da motoci, da makamai.

Abin da ba a cika taɓowa ba shi ne abin da ke jikin sojan kansa: kaki da takalmi da kwalkwali. Alhali a wurin soja waɗannan kayan aiki ne, kuma da su yake auna matsayinsa a idon shugabanninsa.

A jihar Kano kaɗai akwai sojoji masu ayyuka mabambanta. Ga Birged ta 3 ta sojan ƙasa a Barikin Bukavu, ga Barikin Janguza, ga makarantar koyon tuƙin jiragen sojan sama, ga kuma kwalejin sojan ruwa a Dawakin Tofa. A cikinsu akwai mai riƙe bindiga a daji, da makaniken jirgi, da ma'aikacin jinya, da direba, da kuku, da akawun ofis. Shin tsarin sutura ɗaya zai yi wa dukkansu adalci?

Darasi daga cikin badala

Bakano ba baƙon wannan magana ba ne. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali cikin rundunar Kano. Wanda ya taɓa kallon Hawan Daushe a Ƙofar Kudu ya ga sauran wannan tsari: 'yan lifidi da shigarsu, 'yan sulke da tasu, 'yan baka da 'yan bindiga kowa da nasa kaya, dogarai kuma da ja da kore.

Ba don ado kawai aka bambanta su ba. Lifidi yana kare doki da mahayinsa daga kibiya, amma da za a ɗora wa ɗan baka mai tafiya a ƙasa irin wannan nauyi, an kashe masa aiki. Sarki ɗaya suke wa yaƙi, amma aikin kowa shi ya yanka masa riga.

Rundunar Turawa da ta ci Kano a ranar 3 ga Fabrairun 1903 ita ma daga baya ta bi irin wannan hanya. Kayan faretin sojojinta na Afirka ta Yamma su ne kaki da jar dara da jar 'yar shara, amma masu harba igwa shuɗiya suke sawa.

Abin da aka yanke a 2015

A watan Yunin 2015, kakakin Hedikwatar Tsaro na lokacin, Manjo Janar Chris Olukolade, ya sanar da cewa an taƙaita sanya kaki mai dabbare-dabbare ga sojojin ƙasa da na ruwa da na sama kaɗai. An bar wa 'yan sanda damar sawa idan suna aikin haɗin gwiwa da soja ko wani aiki na musamman. Sauran hukumomi masu kayan sarki aka ba su zuwa Janairun 2016 su janye nasu. Su kansu rundunonin uku aka ce su tsaya kan nau'i biyu kacal.

Dalilin a fili yake. A harin 20 ga Janairun 2012 da ya kashe mutum aƙalla 185 a Kano, an ba da rahoton cewa wasu maharan da kayan 'yan sanda suka zo. Waɗanda suka sace ɗalibai 276 a Chibok a Afrilun 2014 da kakin soja suka yaudari yaran. Har yau mutanen ƙauyukan Zamfara da Katsina suna ba da labarin 'yan bindiga masu zuwa da kaki.

Matakin yana da amfani ta fuskar tsaro, domin idan kowa na sa kaki, talaka ba zai san wanda zai gudu wurinsa da wanda zai guje wa ba. Sai dai ya warware matsalar launi ne kawai. Bai taɓa tambayar da ta fi damun ƙaramin soja ba: yaushe za a ba ni, wane iri za a ba ni, kuma ya dace da aikina?

Rana ɗaya, wahala daban

A watannin Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40. Sojan da ke tsaye a shingen bincike da rigar kariya daga harsashi da kwalkwali, gumi da ƙura suna cinye kakinsa cikin 'yan watanni. Wanda ke sintiri a ƙafa cikin ƙaya da duwatsu, takalminsa ne ke fara mutuwa. Idan hunturu ya shigo kuma, mai gadin dare rigar sanyi yake nema.

Matuƙin jirgi yana buƙatar rigar da wuta ba ta saurin kamawa. Makanike yana buƙatar kayan da za su jure baƙin mai. Shi kuwa akawun ofis, kaki ɗaya zai iya kai masa shekara bai koɗe ba.

Idan aka raba wa waɗannan mutane kaya daidai wa daida, a lokaci ɗaya, a takarda an yi adalci. A zahiri kuwa na daji ya cutu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

An sha jin ƙananan sojoji a kafafen sada zumunta suna kukan cewa da albashinsu suke sayen kaki da takalmi, rundunar kuma ta sha musanta hakan. Ko ma mene ne gaskiyar kowane ƙorafi, yawan maimaituwarsa alama ce ta cewa akwai giɓi tsakanin abin da aka rubuta a Abuja da abin da ke fitowa daga siton bariki.

Najeriya ta ga inda irin wannan jin an yi watsi da mutum yake kaiwa. A Mayun 2014 sojoji suka harbi motar kwamandan Runduna ta 7, Manjo Janar Ahmadu Mohammed, a Barikin Maimalari da ke Maiduguri, bayan an kawo gawarwakin 'yan uwansu. A Disambar shekarar aka yanke wa wasu sojoji 54 hukuncin kisa kan ƙin fita yaƙi, su kuwa suka ce ba a ba su isassun kayan aiki ba. Daga baya aka sassauta hukuncin zuwa ɗauri. Ba kaki ne ya jawo wannan ba, amma tushen ɗaya ne: sojan gaba ya ga kamar na sama bai san halin da yake ciki ba.

Hular da ta raba kan sojojin Amurka

Akwai kuma ɓangaren martaba. A 2001, babban hafsan sojan ƙasa na Amurka, Janar Eric Shinseki, ya mayar da baƙar hula ta kowane soja, da nufin kowa ya ji shi ma gwani ne. Amma wannan hula tun da farko alamar wata runduna ce ta zaratan dakaru, waɗanda sai sun sha baƙar wuya suke samun ta. Suka fusata, har aka sauya musu da hula mai ruwan ƙasa.

Sauran sojojin ma ba su ji daɗinta ba: tana da zafi, ba ta tare rana, kuma sai da hannu biyu ake sa ta. A 2011 aka mayar da hular hana-salla ta zama ta aikin yau da kullum.

A 2013 kuma Amurka ta ƙirƙiro lambar yabo ga masu sarrafa jirage marasa matuƙa, ta ɗora ta sama da ta waɗanda aka raunata a fagen daga. Tsofaffin sojoji suka yi ca, cikin wata biyu aka soke ta.

Darasin biyu ne. Idan aka shafe alamar wanda ya sha wuya, an karya masa gwiwa. Idan kuma aka raina na baya, shi ma an yi asara, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ba makanike jirgi ba ya tashi, ba direban tankar ruwa sansani ba ya kwana uku.

Ina rabon Kano?

A farkon 2025 babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Olufemi Oluyede, ya ninka kuɗin abincin soja daga naira 1,500 zuwa 3,000 a rana. Wannan ya nuna ana iya gyara idan an so. Sutura ma tana buƙatar irin wannan ƙa'ida da kowane soja zai sani: kaki nawa da takalmi nawa ne haƙƙinsa a shekara, gwargwadon aikinsa da inda aka tura shi.

A nan Kano take da abin cewa. Umarnin shugaban ƙasa na 3 da Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a Mayun 2017 ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin da hukumomin tarayya ke kashewa kan kayan sarki da takalma su tafi ga na gida. Kano na da majemu a Challawa da Sharaɗa, da dukawa a Ƙofar Wambai, da dillalan yadi a Kantin Kwari, da teloli a kusan kowane lungu.

Amma akwai haɗari. Kakin da aka watsa ɗinkinsa ba tsari, gobe a jikin ɗan bindiga za a gan shi. Dole yadin ya kasance a hannun hukuma, kamar kamfanin ƙera kayan tsaro na DICON da ke Kaduna tun 1964, kowace riga da lambarta da sunan wanda aka ba. Takalmi da bel da safa da rigar sanyi kuwa, waɗanda ba su da wannan haɗari sosai, ba abin da zai hana masu sana'ar Kano su shiga takarar kwangilarsu idan sun cika ma'aunin inganci.

'Yan majalisar tarayya daga Kano, waɗanda mazaɓunsu suka fara ɗanɗana hare-haren, suna da hurumin tambaya idan kasafin kuɗin tsaro ya zo gabansu: nawa aka ware wa sutura, nawa aka saya a gida, kuma nawa ya isa hannun sojan da ke kwana a dajin Shanono?