Jar Fitila Ba Ta Maganin Ciwon Suga

Duk wanda ya zauna a Gurda, unguwar nan ta Sabha da 'yan Nijar da 'yan Najeriya suka yi yawa, ya san ciwon da ya fi damun mutanenmu: baya, gwiwa da kafaɗa. Mutum ya wuni yana ɗaukar bulo da kwaɓa siminti, da dare juyi ya gagare shi. A kan wannan ciwo wasu suka kafa kasuwa. Wata jar fitila ce mai fitar da zafi, wai ita infared. Ka biya 'yan dinari, ka kwanta, a haska maka.

Har nan ba ni da ja. Inda muka raba gari da masu fitilar shi ne bakinsu. Sun ce tana wanke jini, tana kashe suga, tana saukar da hawan jini, tana tayar da wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Wannan ƙarya ce, kuma mai iya cin ƙafar mutum.

Bari mu ba fitilar haƙƙinta. Infared haske ne da ido ba ya gani amma fata na jin ɗuminsa. William Herschel ne ya gano shi a 1800, kuma kusan rabin ƙarfin ranar da ke dukanmu a wurin aiki shi ne. Idan ya ɗumama fata, ƙananan jijiyoyin jini na wurin sukan buɗe, tsoka ta saki, ciwo ya lafa na ɗan lokaci. Gashi ke nan. Abin da kakarka take yi da tsumma da ruwan zafi, shi aka sa wa waya aka jona da lantarki.

To, mai ciwon suga fa? Ciwon idan ya daɗe yakan lalata jijiyoyin ji na ƙafa, har mutum ya taka garwashi bai sani ba. Wani dattijo da muke kwana gida ɗaya ya yi mako uku yana haska ƙafarsa, ya kuma ajiye ƙwayoyinsa, domin mai fitila ya ce masa sauƙi ya zo. Fatar ta ƙone bai ji ba. Sai da wari ya tashi muka kwashe shi zuwa asibiti. Yau yatsu uku gare shi a ƙafar dama.

Wani zai ce, ai Turawa ma suna amfani da ita. Haka ne, amma a 2006 Medicare, shirin inshorar lafiyar tsofaffi na Amurka, ya duba hujjoji ya ƙi biyan kuɗin infared don mutuwar jijiya da gyambon masu suga. Mu ma mun taɓa ganin iyakar zafi. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta. Iyayenmu da kyakkyawar niyya suka yi. Masu fitila kuwa dinari suke kallo.

Na san abin da ke kai mu wurinsu. Baƙo marar takarda tsoron ƙofar asibiti yake yi, kuɗin magani kuma ya fi ƙarfin lebura. Amma wannan ba uzuri ba ne ga mai fitila, shi ne ma girman laifinsa: ya ga wanda ba shi da mafita, ya tatse shi.

Saboda haka, ɗan'uwa, in bayanka ne ya gaji, gasa abinka na 'yan mintuna, fitilar na nesa da fata, kada ka kalle ta. In kana da suga, ko gyambo, ko ƙafarka ba ta jin taɓi, kada ka kusance ta. Wanda duk ya ce ka bar maganinka saboda haske, tashi ka bar masa shagonsa. Shugabannin al'ummarmu na Gurda kuma, ku da kuke tara kuɗin jana'iza, ku tara na na'urar gwajin suga.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.