Kashi Tamanin Ba Ya Tsallakar Da Mota

Da wuya babban jami'i ya je duba aikin hanya ko na asibiti ya dawo bai faɗi adadi ba. An kammala kashi 70, an kammala kashi 85, za a ƙaddamar kafin ƙarshen shekara. Yanzu kuma da ofisoshi suka koma tsara ayyuka a kwamfuta, ana ta yaɗa wani ra'ayi: tunda an shigar da wa'adi cikin manhaja, an kuma rubuta kashin da aka cim ma, to aiki yana hannu. Idan ranar kammalawa ta zabura ta koma gaba da wata huɗu, sai a ce manhajar ce ke da aljanu, a kira wani yaro ya mayar da ranar inda oga yake so. Ni ban yarda ba. A irin wannan ofis kaf, babu mai faɗar gaskiya kamar ranar nan da ta zabura.

Manhajoji irin su Microsoft Project da Primavera P6 an gina su ne a kan wani lissafi da kamfanin DuPont na Amurka ya fara aiki da shi wajen 1957. Ana jera ayyuka, a nuna wanne ke jiran wanne, sannan a gano jerin da ya fi tsawo, domin shi ne ke yanke ranar gamawa. Ba a zuba kwalta sai an daddaɓe burji, ba a daddaɓe burji a bakin rafi sai kwalbati ta tsaya. Kwalbati ta makara, duk abin da ke bayanta ya makara. Abin da ake kira rikicin manhaja ke nan, alhali lissafi ne da kowane birkila ya sani.

Wa'adi kuwa, a Microsoft Project, ba ya jan aiki ya dawo baya. Alama ce kawai: idan lissafi ya wuce ranar, sai gargaɗi ya bayyana a gefe. Wannan yana ɓata wa manya rai, don haka ake komawa ga wata dabara, a ɗaure aikin da umarnin cewa dole ya ƙare rana kaza. Nan take jadawali ya yi kyau, ranar ta tsaya cak, ko da aikin da ake jira bai ƙare ba. An rufe bakin mai gargaɗi, an kai rahoto Dutse ko Abuja. A ƙasa ko buhun siminti ɗaya bai ƙaru ba.

Batun kashi ya fi wannan muni, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya. A tsarin da manhajar ke zuwa da shi, kashin kammalawa yana auna kwanakin aiki ne. Aikin da aka ware wa kwana ɗari, aka rubuta masa kashi 80, manhaja za ta ɗauka kwana tamanin sun tafi, saura ashirin. Ba ta je wurin ba, ba ta ga ko ƙarfe ya hau ba. Akwai wani gurbi daban na auna abin da aka gina a zahiri, amma shi sai mutum ya fita da ma'auni ya shiga rana. Sannan idan ba a gaya wa manhaja ranar da ake ciki ba, ba a kuma umarce ta ta turo ragowar aikin zuwa gaba ba, sai ta bar shi kwance a watan da ya shige, kamar za a koma watan jiya a yi shi. Jadawali da yawa suna nuna komai lafiya ne saboda wannan kaɗai.

Mu a ƙasar nan mun sha wannan ruwan tun kafin kwamfuta ta shigo ofis. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta an ba da kwangilarsa a 1979, zuwa 1994 hukumomi suka ce an kammala kashi 98. Babban murhun narkar da tama bai taɓa aiki ba. Tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda ta bi ta Wudil da Shuwarin da Azare, an ba da ita a 2006, shekara goma sha biyar bayan nan ba ta ƙare ba, kuma duk tsawon lokacin ana ta jin kashi kaza, kashi kaza.

Yanzu a zo Basirka. Hanyar da ta taso daga Birnin Kudu ta ratsa Gwaram ta wuce Basirka zuwa ƙasar Bauchi, ita ce matafiya da yawa daga Kano ke bi zuwa Gombe da Adamawa. A watan Agustan 2021 ruwa ya karya gada a Raɗabi, tsakanin Gwaram da Basirka, mota ta afka, mutum 21 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Wanda ya san yankin ya san kalandar da ke mulki a nan ita ce damina. Kalandar da manhaja ke zuwa da ita kuwa Litinin zuwa Juma'a ce, awa takwas kullum, Agusta da Janairu duk ɗaya. Ba ta san azumi ba, ba ta san lebura zai tafi gona da zarar an yi ruwan shuka ba. Kwalbatin da ta makara da mako uku a watan Mayu, a takarda mako uku ne, a bakin rafi kuwa sai bayan Oktoba. Manhaja tana iya lissafa wannan idan an gaya mata. Ba a gaya mata, domin ranar da za ta fitar ba za ta yi daɗin faɗa a taron manema labarai ba.

Za a ce ai dole a sami adadi, in ba haka ba da me za a biya ɗan kwangila? Gaskiya ne, biya yana bin takardar shaidar aikin da aka yi. To a bar adadin a ofishin akanta. Abin da ya ɓata lamari shi ne fito da lissafin biya a sayar wa jama'a a matsayin ci gaba. Gadar da ta kai kashi 90, ga direban da ya ɗauko buhunan gero daga kasuwa, daidai take da wadda ba a fara ba. Haka ɗakin haihuwa da ba a haɗa wa ruwa ba.

Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da Eyemark a 2022 don jama'a su riƙa bibiyar ayyuka ta waya, Jigawa kuma tana da hukumar bin ƙa'ida da sa ido kan ayyuka. Ina roƙonsu abu biyu a kan kowane aiki a Gwaram da Birnin Kudu. A cire duk ranar da aka ɗaure da hannu, a sa damina a kalanda, a wallafa ranar da lissafi ya bayar ko da ta faɗa baɗi. Sannan a allon da ke bakin aikin a rubuta da Hausa abin da ya rage, kwalbati nawa, kilomita nawa na kwalta, yadda mai unguwa a Basirka zai iya tafiya da ƙafarsa ya ƙirga.