Kalankuwa Ma Tana Da Hakki

A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ya wajaba a adana. Mun yi murna ƙwarai. Amma fa al'ada ba a fada kaɗai take ba. A ƙauyuka irin namu na Kademi, kalankuwa da kokawa da langa sun saba haɗa Musulmi da Kirista a dandali ɗaya bayan kaka.

A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka muna roƙon shugabannin Gaya da Ajingi su ware wani abu domin gyaran fili, ruwan sha, tsaro da kyautar 'yan wasa, a kuma karanta lissafin a bainar jama'a. In gangar ƙauye ta yi shiru, wa zai koya wa ɗalibanmu kiɗanta?