Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnonin Arewa

Masu girma Gwamnoni,

Na rubuto ne kan wani aiki da ba mu ba shi muhimmanci ba: aikin masana da ke bin diddigin cututtukan da ke daɗewa a jiki, irin su hawan jini, ciwon sukari, ciwon ƙoda da ciwon daji.

Mun ga amfanin sa ido a yaƙin da aka yi da shan inna. Jami'ai sun riƙa shiga ƙauyuka suna neman yaran da ƙafarsu ta shanye, ana kai samfur ɗakin gwaji, har aka tabbatar a 2020 cewa an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka. Ciwon ƙodar da ya addabi mutanen Gashuwa a Jihar Yobe ma yana buƙatar irin wannan himma: a ƙirga masu ciwon, a duba ruwan da suke sha da sana'arsu, a gano tushen matsalar.

Tun 2008 ake horar da irin waɗannan masana a Najeriya, kuma Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na cikin masu horarwar. Ina roƙonku ku buɗe musu guraben aiki na dindindin a ma'aikatun lafiya, da albashin da zai riƙe su a gida. Ku ba 'ya'yanmu tallafin karatu a wannan fanni, ku kuma kafa rajistar waɗannan cututtuka a manyan asibitoci.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya yi muku jagora.