Maska: Masara ta wadata, masu injin niƙa na kukan mai

A Maska da ke Ƙaramar Hukumar Funtuwa, masara ba ta yanke ba, masu sarrafa ta ne ke ja da baya. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, mai injin niƙa da mai walda ke raba riba da gidan mai, banki kuma na neman jinginar da ba su da ita.

Gwamna Dikko Radda, tsohon shugaban SMEDAN, ya kafa hukumar KASEDA domin ƙananan sana'o'i, an kuma buɗe tashar tsandauri ta Funtuwa a 2024. Sai dai muddin ba a kai wa masu injin lantarkin sola da rance marar ruwa ba, dillalai za su ci gaba da kwashe masarar ɗanya, ribar gari da abincin kaji ta tafi wani gari.