Iya danna waya daban, iya Word daban

Da yawa cikin yaranmu na Zango da ke kwalejoji a Accra da Kumasi suna raina darasin Microsoft Word. Wai ai sun iya, tunda kullum suna kan WhatsApp. To, a jira shekarar ƙarshe. Ɗalibi zai zauna da aikin bincike mai shafi 60, yana buga jerin babi-babi da hannu, ɗigo bayan ɗigo. Malami ya ce a ƙara sakin layi ɗaya a babi na 2, lambobin shafi duk su rikice, sai a kwashi kuɗin abinci a kai wa mai shagon buga takardu. Alhali da ya sa wa kanun kowane babi salon Heading tun farko, Word da kanta za ta haɗa jerin, ta kuma sabunta shi idan shafuka sun motsa.

Malamai kuma, don Allah a ƙara da haruffanmu masu ƙugiya. A buga 0199, a danna Alt da X tare, ƙ ta fito. 0257 na ba da ɗ, 0253 kuma ɓ. In ba haka ba, sakataren kwamitin masallaci zai ci gaba da rubuta "a tarbi baki" alhali baƙi yake nufi.